Darnin Jaɓɓo

Tun kafin a kafa Shiyar Fatake a bakin Illela ta arewa, Jaɓɓo yana wurin. Kowa ya san haka, sai dai ba mai son tunawa. Mashekarinsa ne. Nan yake sauka da shanu kowace kaka tun yana saurayi, nan ya binne matarsa Hajjo, nan kuma wani bijimi ya take masa gwiwa har ya zama ba ya iya bin garke. Da Nasara suka ci Sakkwato, suka zo suka jera duwatsu tsakanin Illela da Ƙonni, suka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa, sai fatake suka gane ashe bakin iyaka wurin ci ne. Suka taho da jakunansu da kanwarsu da goronsu, suka yi ta kafa gidaje. Jaɓɓo ya wayi gari ya ga bukkarsa a tsakiyar mutane. Ba wanda ya kore shi. Zagaye shi kawai aka yi, shi da bukkar, da dogon darni na kara da ƙaya.

Mai shiyar kuwa Madugu Mukhtari ne, mutumin da ya shekara talatin yana jan ayari, ya ajiye tafiya amma bai ajiye hali ba. Yadda yake tsara zango a daji haka ya tsara shiya. Ƙofa guda ce, ta kudu, mai kallon kasuwa, wani mutum Yari yana tsaronta, yana buɗewa da asuba, yana rufewa da magariba, wanda ya makara ya kwana waje ko ya biya tara. Kowane gida zai zuba dami biyu na gero a rumbun shiya da kaka, daga ciki ake ciyar da Yari, a sayi igiya da guga. Shekara-shekara a yashe rijiya, kowane gida ya ba da namiji guda. Darni kuma an raba shi, kowa da taki ashirin nasa, in ya ruɓe shi zai sabunta. Laifi na farko tara. Na biyu tara ninki. Na uku, ka kwashe tabarmarka ka ba wani wuri.

A faɗi gaskiya, dokokin ba su da aibu. Shiyoyin Illela sun sha gobara, ta Fatake ba ta taɓa ci ba. Ruwan rijiyarsu ya fi na kowa daɗi. Amma doka ba ta san mutum ba, gida ta sani, kuma gidan Jaɓɓo mutum guda ne a cikinsa. Shi ne mai biya, shi ne mai shara, shi ne namijin rijiya. Gero yake samu ta tufkar igiya da yi wa jakunan fatake magani. In an taru a zauren Madugu ana hirar farashin goro da hanyar Tawa, yakan zauna daga bakin ƙofa, ba ya da ta cewa. Suna kiransa Bafillace, suna yi masa ba'a, yana murmushi. Ba ƙinsa suke yi ba. Ba su dai taɓa tambayarsa abin da yake tunani ba.

Rabonsa na darni yana fuskantar arewa, daidai inda tsohon burtalin shanunsa ke shigowa. Taki goma sha tara ya ɗaure su tsaf, ba mai kushe su. Taki guda ya bari a buɗe, ya jingina guntun zana kawai. Wannan kafa ita ce dukan abin da ya rage masa a duniya, kuma ba ya iya gaya wa kowa dalili.

Ga yadda abin yake. Shekarar da aka tsananta jangali, ɗansa Jalo ya kora shanun ya ƙetare duwatsun iyaka da su, ba tare da an ƙidaya su ba. Can ma akwai haraji, amma daji ya fi faɗi. Tun daga ranar, in aka kama shi da garken a ƙasar Ingilishi, ba shanu ba shi. To amma da kaka, in an girbe, yakan saci jiki ya gangaro, shanu su ci karmami kwana uku, ya ga ubansa, ya koma. Tun kafin rabuwarsu ta farko sun yi shawara cikin Fillanci, a bayan bukka. Akwai wata saniya mai farar fuska, Wule, wadda aka haifa a mashekarin nan, Jaɓɓo ya yi renonta da hannunsa, da dusa da kanwa. Jalo ya ce in sun iso fadamar da ke bayan iyaka zai sake ta da safe, ta san gida. In ta kwana a wurin tsohon, to gari lafiya, su biyo ta. In kuwa ta komo garke, ko dai masu jangali suna gari, ko kuma babu mai tarbarta.

"In ta komo," in ji Jaɓɓo a ranar, "kada ka zo neman kabarina. Ka juya da shanu, ka yi nisa."

Kaka huɗu Wule tana zuwa. Takan iso wajen azahar, ta ture zanar da hanci, ta shigo ta tsaya bakin bukka kamar jiya ta fita. Mutanen shiya sun ɗauka saniyar wani ce da ake kawowa magani. Washegari Jaɓɓo ya fita da ita daji, ya kwana uku bai dawo ba, a ce Bafillace ya tafi neman sassaƙe. Kwana ukun nan su yake ci har shekara. Amma bara ya duba bakinta ya ga haƙora sun ƙare, ƙugu ya fito. Ya san tafiyarta ta kusa ƙarewa, kuma a garken duka babu wata da ta san hanya.

Da daminar bana kura ta shigo ta kafar, ta ɗauke tunkiyar wani falke mai suna Dabo. Aka kira taro.

"Jaɓɓo," in ji Madugu, "mi yah hana ka toshe kahwag ga?"

"Iska nika so, Madugu."

Zaure ya kwashe da dariya. Dabo dai bai yi ba.

"Iska?" in ji Madugu. "Ka hito tsakar gida, Allah bai yi mata ƙyaure ba. Laihinka na hwarko ke nan."

Jaɓɓo ya biya tara, ya tufka wa Dabo igiya har ya huce, ya ƙara wa zanar ƙaya, amma bai ɗaure ba. Da Madugu ya fita zagayen duba darni bayan wata guda, yana zungurar ko'ina da sandarsa, sai ƙayar ta faɗi, zanar ta bi ta. Ya tsaya yana kallon dajin arewa ta cikin kafar, kamar an zage shi.

A taro na biyu Jaɓɓo ya yi roƙo. Ya ce a bar shi ya sa ɗan ƙyaure mai ƙarfi, shi zai riƙa rufewa, in wani abu ya sake shiga a kama shi.

"Ayari ba shi da baki biyu," in ji Madugu. "Yau in na ba ka ƙohwa, gobe Dabo shi ce shi ma shina so, jibi shiya ta zama rariya. Kai in akwai dalili, ka hwaɗa muna. Mu ba azzalumai ba na."

Kuma da gaske yake. Amma Madugu duk Juma'a yana gaisuwa a gidan hakimi, kuma a gidan hakimi malaman jangali suke sauka. Jaɓɓo ya dubi fuskokin nan guda ashirin, maƙwabtansa na shekara biyar, ya nemi guda da zai iya ba amanar shanu sittin da ɗa guda, bai samu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce babu dalili.

"To laihi biyu. Saura guda, Bafillace. Ina za ka da gwiwag ga in an tashe ka?"

Tambayar ita ta bi shi har gida. Ina zai je? Ƙafar ba ta kai shi ko ƙauyen Araba da ke nan kusa, balle dajin Faransa. In ya bar wurin, Wule za ta zo ta tarar da baƙo. In ya zauna ya toshe, za ta zo ta tarar da darni. Kwana biyu yana juya abin, kana ya samu dabara. Ya sari kara, ya kafa dirkoki, ya ɗaure takin nan guda da igiyar da ya tufka da kansa, ɗauri na mai jin haushi, wanda ko giwa sai ta yi shawara. Ya ce a ransa, in kaka ta yi, ni zan zama ƙofar.

Haka kuwa aka yi. Da aka fara yankan gero, kullum Yari na buɗe ƙofa Jaɓɓo zai fita ta kudu, ya zagaya darnin shiya kaf yana jan ƙafa, ya zauna a gindin wata aduwa da ke bakin tsohon burtali, da kanwa ƙulle a gefen riga. Yana tufka, yana duban arewa. In rana ta yi ja ya tashi ya zagayo. Kwana tara yana haka.

A cikin shiyar mutum guda ce ta lura. Hindatu, wata bazawara da ta taso daga Amarawa da bazarar nan ta kama gidan da ke jikin nasa, tana sayar da fura. Mace ce mai baki da tausayi, irin waɗanda ba su iya ganin tukunya a karkace su wuce. Tun da ta ji labarin tarar nan biyu take jin zafin abin kamar ita aka ci. Takan miƙo masa tuwo ta kan danga.

"Baba Jaɓɓo, mi kaka yi waje wuni guda? Tsaron darni?"

"I, ɗiyata. Tsaron darni."

"Wallahi sun tsorata ka. Kak ka damu, ni ma ina sa maka ido."

Ya yi mata godiya. Ya kusa ƙara magana, sai ya tuna bakinta, ya haɗiye.

Ran na goma da yamma Yari ya bi gida-gida yana shela: gobe yasar rijiya, kowane gida namiji guda, daga hantsi har a gama. Jaɓɓo ya tafi wurin Madugu ya ce a ɗaga masa, ƙafa na damunsa.

"Ƙahwad da ka zagaya shiya kullum?" in ji Madugu. "Ba mu sa ka ɗaukar laka. Igiyar rai za ka riƙe, kai ad dattijo. In ba ka zo ba kuwa, ka san lissahi."

Igiyar rai, a al'adar shiyar, ita ce siririyar igiya da ake ɗaura wa mai yasa a ƙugu in zai sauka. Ba da ita ake jan laka ba. Da ita yake magana. Ja guda, a sauko da guga. Ja biyu, a ɗauke. In ta yi ta rawa, ko ta yi shiru fiye da kima, to iskar ƙasa ta kama shi, a fito da shi maza. Don haka wanda ya riƙe ta ba ya magana, ba ya tashi, ba ya miƙa wa wani, har sai mai yasa ya taka ƙasa. Aiki ne na haƙuri, kuma girmamawa ce. Madugu a ganinsa alheri ya yi wa tsohon, ya ba shi hanyar wanke sunansa a gaban mutane.

Jaɓɓo ya yi ta lallashin zuciyarsa. Kwana goma ba ta zo ba. Gero bai gama shiga rumbu ba. Wuni guda ne.

Hamidu mai yasa ya yi bisimilla ya sauka da hantsi. Jaɓɓo ya zauna a bakin rijiya, igiya naɗe a hannunsa na dama, yatsun hagu a kanta. Ja guda, ya ɗaga kai, a saki guga. Ja biyu, ya ɗaga hannu, majiya ƙarfi su ja, baƙar laka ta fito tana wari, a zubar. Ana waƙa, ana tsokanar juna, mata na aiko da kunu. Rijiyar gaba goma sha biyu ce, in ka leƙa ba ka ganin Hamidu, sai dai ka ji shi a tafin hannunka. Jaɓɓo, wanda ya saba jin lafiyar saniya ta igiyar wuyanta, ya iya aikin fiye da duk wanda ya taɓa yi. Har Dabo ya ce, "Kai, Bafillacen ga ashe shina da amfani."

Rana ta take tsaka, ta ɗan karkata. Sai ya ji.

Kuka ne na tsohuwar saniya, gajere, mai ɗan karyewa a ƙarshe, daga arewa, bayan gidaje. Ba wanda ya kula, don garin cike yake da kukan dabbobi. Amma shi ko cikin shanu dubu zai fitar da wannan murya. Ya yunƙura, gwiwar ta riga ta fara miƙewa, sai igiya ta motsa a hannunsa. Ja guda.

Ya ɗaga kai. Aka saki guga.

Ta sake kuka. Ya dubi mutanen. Da zai buɗe baki ya ce wani ya karɓa, da an karɓa, ko da za a zage shi. Amma a daidai lokacin Hamidu ya kai idon ruwa, inda ƙasa ke zaftarewa, inda iska ke kashe mutum ba amo, kuma igiyar tana ta ƙananan maganganu waɗanda hannun da ya wuni da ita ne kawai zai gane. Hamidu yana da 'ya'ya huɗu. Jaɓɓo ya san sunayensu, ko da yake su ba su san nasa ba, Bafillace suke cewa. Ya koma ya zauna. Ya ce a ransa, za ta jira. Ta yi tafiyar rabin wuni, za ta kwanta a inuwar aduwa ta jira.

Kuka na uku ya zo, dogo. Daga nan bai ƙara ji ba. Hawaye suka gangaro masa, ba hannun sharewa, suka bi gemu suka ɗiga a kan igiya. Wanda ya gani ya ɗauka zufa ce.

Sai bayan la'asar Hamidu ya fito, baƙi ƙirin da laka, yana dariya. Ya kama hannun Jaɓɓo ya ce tun da yake sauka rijiya bai taɓa jin kwanciyar rai irin ta yau ba. Madugu ya tashi a gaban kowa ya ce a shaida, an yafe wa Jaɓɓo laifi guda, ya zama ɗan shiya na sosai. Tsohon bai tsaya amsa ba. Ya zare igiyar daga hannunsa, ta bar masa shaida ja, ya ɗauki sanda ya nufi ƙofar kudu.

Ya zagaya. Gindin aduwa ba kowa. Amma ƙasa ta rubuta komai ga mai iya karatu. Ga sawunta nan ya gangaro ta burtali, ƙafar baya ta hagu tana ɗan ja. Ga inda ta tsaya a jikin sabon ɗaurin, ta tura, ta tura, har ta bar gashi fari a kan ƙaya. Ga kashinta, bai gama bushewa ba. Ga kuma wani sawu, na mutum, ƙarami, da duwatsu warwatse.

"Baba Jaɓɓo!"

Hindatu ce ta leƙo ta saman darni, ta taka turmi, fuskarta fal murna.

"Ka gode Allah ina gida! Wata tsohuwar saniya ce taz zo tana tunkuɗar darninka, kamar an aiko ta. Na ce wallahi ba a kama bawan Allah da laihi na ukku ina raye ba. Na zagayo da muciya. Kai, ka ga taurin kai? In kore ta, ta komo, in kore ta, ta komo. Sai da na bi ta da jihwa har bayan gonar Abu, kana tam miƙe arewa. Ko kara guda ba ta karya maka ba."

Jaɓɓo ya dube ta. Ta yi gumi dominsa, ta bar furarta, ta zagaya shiya a cikin rana. A shekara biyar ba wanda ya taɓa yi masa ɗawainiya kamar wannan.

"Allah shi saka miki, ɗiyata," ya ce.

"Amin, Baba. Mi ar ranar maƙwabtaka?"

Ya juya ya bi sawun. Ya wuce gonar Abu, ya wuce kwarin da yake shayar da maruƙa a da, yana ɗingishi, yana faɗuwa a kan sanda. Sawun bai karkata ba, bai tsaya kiwo ba, ya miƙe sak kamar na wadda aka gaya wa magana ta gane. A wurin tulin duwatsun iyaka gwiwar ta ƙi. Ya dafa duwatsun, ya cika ƙirji, ya yi kiran da yake yi wa garke tun yana yaro, kiran da bai yi da ƙarfi ba shekara biyar. Ya yi sau uku. Daji ya yi shiru. Ya san kafin duhu za ta isa fadama, Jalo zai gan ta tana tahowa ita kaɗai, zai tsaya ya dube ta, kuma yaro ne mai jin magana. Gobe war haka sun yi nisa.

Ya kwance ƙullin kanwar ya ajiye a kan dutse. Ya ce zai zauna nan, ko kura ta zo, ko me ma ya zo.

Can sai iska ta kawo masa wata murya daga kudu, siririya. Yari ne yake kiran da yakan yi kafin rufe ƙofa, na waje ya shigo, na waje ya shigo. Rana ta taɓa ƙasa. Jaɓɓo bai san sa'ad da ya miƙe ba. Ya tsinci kansa a kan hanya, bayansa ga arewa, yana sauri, yana jan matacciyar ƙafa, don kada ya makara a rubuta masa laifi. Da ya gane abin da yake yi sai kuka ya ƙwace masa, na sosai, irin na yara, amma bai rage sauri ba.

Ya iso Yari ya riga ya turo ƙyaure rabi.

"Yi maza, dattijo, don kai na tsaya. Yau kai ag gwanin shiya."

Jaɓɓo ya sunkuya ya shige. Yari ya tura ƙyauren, ya tokare shi da gagara.